Ɓerayena masu amosanin gaɓɓai sun fi lafiyayyun jure Staph, me ke faruwa?

Ɗalibar_Garkuwa:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda hannunsu ya saba da ɓerayen gwaji ce, musamman a ɓangaren amosanin gaɓɓai.

Ina digiri na uku, kuma abin da nake bi shi ne yadda jikin da gaɓɓansa suka daɗe suna kumburi yake karɓar bakteriyar da ta shigo daga baya. A ɗan Adam an san cewa mai amosanin rumatoyid ya fi sauran jama'a kamuwa da mugunya a gaɓa, kuma galibi bakteriyar Staphylococcus aureus (Staph a taƙaice) ce ke wannan aika-aikar. Ni so nake in raba laifi: nawa ne na cutar kanta, nawa ne na magungunan da ake ba majinyaci. A asibiti abin ba ya rabuwa, tunda wanda cutarsa ta fi tsanani shi ne kuma aka fi loda wa magani.

Ƙananan ɓeraye (mice) jinsin DBA/1 na yi amfani da su, maza. Don in haddasa musu amosani, na yi musu allurar kolajin (sunadarin guringuntsi) nau'i na biyu, na saniya, haɗe da CFA (sinadarin da ke zuga garkuwar jiki) a gindin wutsiya, na ƙara musu a rana ta 21. Da ƙafafu suka kumbura sosai, sai na ɗura musu Staph ta jijiyar wutsiya, su da sa'anninsu lafiyayyu waɗanda allura ba ta taɓa shiga jikinsu ba. A zatona masu amosanin ne za su fara zubewa. Ina! Lafiyayyun ne suka fi ramewa, kuma da na niƙa ƙoda na shuka a faranti, nasu ne ya fi cika da ƙwayoyi. A gaɓɓai kuwa lamarin ya juya, ƙafafun masu amosanin sun ƙara muni fiye da kafin Staph ɗin.

Gwajin share fage ne, ɓerayen ba su da yawa, don haka ban ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Mai duba aikina yana ganin in maimaita kawai da ɓeraye masu yawa. Ni kuma raina bai kwanta ba, ba na son in kashe dabbobi da yawa a kan tsarin da ban fahimci abin da yake gaya mini ba. Shin amosanin ne yake ba su kariya da gaske? Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

Tsohon_Lab:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki maimaita tukuna. Ki fara ɗauko kwalbar CFA ɗin nan ki karanta abin da ke jikinta.

Mai ne da matattun Mycobacterium waɗanda aka kashe da zafi, wato dangin ƙwayar tarin fuka. Ashe ɓerayenki masu amosani sun riga sun sha allurar bakteriya makonni kafin Staph ta zo, su kuwa lafiyayyun ba su taɓa ganin komai ba. Bambancin rukunan naki biyu ke nan ba ɗaya ba: amosani, da kuma Mycobacterium. Kin tashi maigadi tun da la'asar kin ba shi sanda, ba abin mamaki ba ne in ɓarawon dare ya sha wuya.

Kada ki raina ƙarfin wannan sinadarin. Tun 1956 Carl Pearson ya nuna cewa shi kaɗai, ba kolajin ba komai, yana haddasa amosani a manyan ɓeraye (rats). A ƙananan kuwa yana sa ɓargo da saifa su shiga ƙera fararen ƙwayoyin jini dangin niyutirofil da makarofaj babu ƙaƙƙautawa, saifar ta kumbura, abin ya ɗauki makonni. Mutanen Leuven a Beljiyam, su Alfons Billiau da Patrick Matthys, sun sha fama da wannan. A 1997 aka ga ɓerayen da ba su da makarɓin IFN-gamma (sunadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin garkuwa) suna yin amosanin kolajin mafi tsanani, alhali kowa ya ɗauka sauƙi za su samu. Zuwa 1999 suka gano cewa Mycobacterium ɗin cikin man ce silar hakan, domin da aka cire ta sakamakon ya juya. To niyutirofil ɗin nan da suka yi yawa su ne dai sojan farko a kan Staph. Ban ce lallai shi ne bayanin abin da kika gani ba, amma muddin ba ki kawar da shi ba, babu mai bitar mujalla da zai bar ki ki ce amosani ne ya kare su.

Mafita mafi arha ita ce rukuni na uku: CFA a rana ɗaya, wuri ɗaya, yawa ɗaya, amma babu kolajin a ciki. In ƙodarsu ta fito tas kamar ta masu amosanin, kin san mai aikin. In ta cika kamar ta lafiyayyun, to kina da labari.

Za a ba ki shawarar ki koma wani tsarin da babu CFA. Ki saurara, amma ki sani kowanne da nasa tabon. Wanda ake ɗura antibodin kolajin (sunadaran garkuwa masu kai wa kolajin hari) kai tsaye, galibi ana bin sa da allurar LPS bayan 'yan kwanaki, LPS kuwa daga bangon bakteriya aka ciro shi, kin ga an dawo gidan jiya. Ruwan jinin ɓerayen K/BxN, waɗanda Diane Mathis da Christophe Benoist suka bayyana a 1996 suna Strasbourg, yana kumbura ƙafa cikin kwana biyu zuwa uku ba tare da bakteriya ba, sai dai kumburin yana lafawa in ba a ci gaba da allurar ba, kuma ba ya buƙatar ƙwayoyin garkuwa na T ko B na ɓeran da aka yi wa. Ga mai tambaya a kan daɗaɗɗen amosani wannan babban giɓi ne. Ɓeran da George Kollias ya samar a Girka a 1991, mai ƙera TNF (sunadarin da ke rura kumburi) na ɗan Adam fiye da kima, shi amosaninsa ba ya tsayawa, amma TNF ɗin mutum makarɓi ɗaya kawai yake kamawa cikin biyun da ɓera ke da su.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni a bayaninki, wato ƙoda ta yi sauƙi, gaɓa ta yi muni. Wannan ba saɓani ba ne. Kusan duk abin da aka koya daga ɓeran Staph tun da Tomas Bremell da Andrej Tarkowski suka kafa tsarin a Gothenburg ta Suwidin a 1991, da nau'in Staph mai suna LS-1 ta jijiya, haka yake nunawa: abin da ke ceton rai daban, abin da ke ceton gaɓa daban, wani lokacin ma gaba suke yi. A 1998 sun gwada ɓerayen da ba su da TNF da ɗan uwansa limfotoksin. Gaɓɓansu sun fi samun sauƙi, amma sun fi mutuwa. Da suka haɗa maganin kashe bakteriya da sitiroyid a 1996, gaɓɓan sun fi na waɗanda aka ba maganin kashe bakteriyar shi kaɗai kyau. Ma'ana, wani babban kaso na cin guringuntsi da ƙashi ba Staph ce ke yi da haƙoranta ba, garkuwar jikin ce. Har DNA ɗin bakteriya tsurarsa, babu ƙwaya mai rai, an nuna a 1999 cewa yana kumbura gwiwar ɓera in an ɗura shi ciki. Amma kada wani ya ɗauka rage garkuwa kullum alheri ne ga gaɓa: da aka ɗebe niyutirofil gaba ɗaya a 1997, asara biyu aka yi, mutuwa ta ƙaru, amosanin ma ya ƙaru.

Saboda haka ki daina tambayar wa ya fi jurewa. Ki riƙa tambayar wa ya fi kashe ƙwayar a jini da ƙoda, sannan daban ki tambayi gaɓar wa ta fi lalacewa.

Mai_Faranti:

Dakta ya gama da CFA, Allah ya ƙara basira. Ni ta wajen ƙwayar da kejin zan shigo, don nan na fi sani.

'Yar uwa, ba ki faɗa mana wane nau'in Staph ba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. LS-1 daga ɓerayen da suka kamu da kansu aka samo ta, ta san jikin ɓera. In kuwa daga majinyaci aka ciro taki, ki sani makamanta da yawa a kan mutum aka ƙera su. Gubar PVL tana fasa niyutirofil ɗin mutum da na zomo, na ɓera kuwa ko gezau. Haka sunadaran CHIPS da SCIN da take toshe garkuwa da su, a ɓera kusan ba sa aiki. Ƙari a kan haka, niyutirofil a jinin mutum sun kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jini, a ɓera kuwa 10 zuwa 25. Sannan ki bincika ko nau'in naki yana da Cna, sunadarin da take manne wa kolajin da shi. Tun 1994 aka nuna cewa in an cire shi, kamuwar gaɓa a ɓera tana raguwa ƙwarai. A gaɓar da guringuntsinta ya riga ya zaizaye, kolajin yana fili, ni da zan zaɓa da mai Cna zan fara.

Na biyu, da me kika auna cewa ƙafafun sun ƙara muni? In da makin ido ne, sifili zuwa 4 a kowace ƙafa, jimla 16, to ƙafar da ta riga ta kai 3 ko 4 ba ta da inda za ta hau, kuma ido ba ya bambance kumburin mugunya da tashin tsohon amosani. Bakteriya a jini kaɗai tana iya tayar da kumburin da ya kwanta ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta shiga gaɓar ba. An daɗe da ganin haka a manyan ɓeraye, inda allurar LPS ke farfaɗo da gaɓar da ɓarɓashin bangon Streptococcus ya taɓa kumburawa. Dole ki niƙa gaɓar ki shuka, ɗaya ƙafar kuma ki yanka ki duba a madubin lab. Kafin ki cire gaɓa ki wanke jijiyoyin da ruwan gishiri ta zuciya, in ba haka ba ƙwayoyin da ke yawo a jini za ki ƙirga ki ce na gaɓa ne, ga shi kumburarriyar gaɓa ta fi tara jini. Kada kuma ki tsaya a ƙafafu, Staph ta jijiya tana son gwiwa, kafaɗa da ƙugu, inda ido ba ya gani.

Ramewa ma ki yi hattara da ita. Masu amosanin sun riga sun zubar da nauyi kafin ranar Staph, lafiyayyun kuwa da kitsensu suka shigo. Wanda ke da abin zubarwa shi zai fi nuna rama.

Inda na ɗan saɓa da Dakta shi ne, ko da kin ƙara rukunin CFA, in kowane rukuni yana kejinsa daban, ba ki tsira ba. Ɓeraye suna cin kashin juna, don haka 'yan keji ɗaya bakteriyar hanjinsu takan zama iri ɗaya, ita kuma tana da hannu dumu-dumu a amosani. Ɓeran K/BxN da aka raina babu ƙwaya ko ɗaya a jikinsa amosaninsa yana yin rauni sosai, amma a 2010 aka nuna cewa nau'i ɗaya tak na bakteriyar hanji, wadda ake kira SFB, ya isa ya dawo da shi ta hanyar ƙwayoyin garkuwa na Th17. Mutanen Nijmegen a Holan sun ga irin haka a 2008 a ɓerayen da ba su da IL-1Ra, sunadarin da ke taka wa kumburi birki. Manyan ɓeraye jinsin F344 kuwa akasin haka suke, tun 1979 aka ga cewa marasa ƙwayar ne amosanin CFA ya fi kamawa. Ki gauraya rukunan a keji in zai yiwu. Matsalar dai mazan DBA/1 faɗa gare su, in ba tun suna ƙanana aka haɗa su ba za su yayyaga juna, kuma ciwon cizo ƙofa ce ga Staph.

Ɗalibar_Garkuwa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Malam Mai_Faranti, nau'in Newman ne, kuma makin ido na yi amfani da shi tare da awon kaurin ƙafa. Gaɓɓan suna cikin firiza, ban niƙa su ba tukuna.

Dakta, ga inda gizo ke saƙar. Kwamitin ɗa'ar bincike ya ƙayyade mini adadin dabbobi, kuma ina da niyyar sa rukunin maganin toshe TNF. In na ƙara na CFA, kowane rukuni zai ƙanƙance har lissafin ya rasa ƙarfi. Wanne zan sadaukar?

Likitar_Gaɓɓai:

Ƙanwata, bari in sa baki daga ɓangaren masu ganin majinyata, ko da yake rabona da riƙe ɓera ya yi nisa.

Ni da za ki ji tawa, maganin TNF ɗin za ki ajiye. An riga an taɓa wannan tambayar a ɓeran da ba shi da amosani. Mutanen Gothenburg ɗin dai, ƙarƙashin Tao Jin, sun nuna a 2011 cewa haɗa mai toshe TNF da maganin kashe bakteriya yana rage lalacewar gaɓa. A 2015 kuma suka ba da magungunan tun kafin ƙwayar ta shiga: mai toshe TNF ya ƙara yawan Staph a ƙoda, amma CTLA4-Ig, maganin da ke danne ƙwayoyin T, shi ne ya ƙara kamuwar gaɓa. A mutane ma akwai bayani. Rajistar Birtaniya ta masu shan waɗannan magunguna ta nuna a 2011 cewa haɗarin mugunya a gaɓa ya ɗan haura ninki biyu ga masu karɓar maganin TNF. Tun 2001 kuma aka ba da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi musu bayan an ba su infliximab mai toshe TNF, abin da ɓera ya riga ya yi ishara da shi a 1995, lokacin da aka ga ɓeran da ba shi da aikin TNF ba ya iya riƙe ƙwayar tarin. Abin da muke ƙishirwarsa shi ne tambayarki ta asali, wato me cutar kanta ke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon ciwon. Majinyaciyar da ke zuwar mini da gwiwa cike da mugunya ta shekara goma ko ashirin tana fama, ta manyanta, ta sha sitiroyid, wataƙila akwai gaɓar ƙarfe a jikinta, fatar ƙafarta da gyambo. Sau da yawa ko zazzaɓi ba ta yi, shi ya sa ake ɗauka tsohon ciwon ne ya motsa har a makara. Ɓeranki saurayi ne ɗan wata biyu zuwa uku, kumburinsa bai fi mako biyu ba. Amosanin kolajin saniya a DBA/1 yakan taso ya kai ƙololuwa, sannan ya lafa ya bar gaɓa a sandare. In kin ɗura Staph a ƙololuwar, jikin da wuta ke ci kika gwada, ba jikin da ya gaji ba. Ko da kuɗin keji zai ƙaru, ki bar wasu su kai lokacin da kumburin ya kwanta, ɓarnar ta zauna, sannan ki gwada su.

In kuma wurinku yana da manyan ɓeraye, ki duba amosanin firisten a jinsin DA, wanda ɗakin binciken Rikard Holmdahl ya bayyana a 1996. Mai ne zalla, babu Mycobacterium, kuma ciwon yana tafiya yana dawowa tsawon watanni. Ya fi kama da abin da nake gani.

Tsohon_Lab:

Hajiya Likita ta riga ni. Ajiye TNF, 'yata. Magani a kan tsarin da ba ki san abin da ke motsa shi ba ƙarin duhu ne kawai. Ki kai wa kwamitin hujjar a rubuce. Su ma ba sa son a kashe dabba a gwajin da ba zai amsa komai ba, kuma ƙa'idar rage adadi da Russell da Burch suka kafa a 1959 ba ta ce a cire rukunin kwatanci ba.

Firisten ɗin shawara ce mai kyau, sai dai sauya dabba a tsakiyar digiri ba wasa ba ne: sabon izini, sababbin antibodin awo, sabon neman adadin ƙwayar da za a ɗura. Ni da DBA/1 ɗin zan zauna, in yi rukuni uku, in raba kowanne gida biyu, na lokacin ƙololuwa da na bayan lafawa.

Game da Newman, Malam Mai_Faranti zai gyara mini, amma a sanina ba ta da Cna. Tana kama gaɓar ɓera sarai, an yi aiki da ita da yawa, sai dai ba za ta gaya miki komai a kan manne wa zaizayayyen guringuntsi ba. Ki rubuta hakan a fili cikin iyakokin aikin.

Kwana ɗaya kafin Staph, ki ɗebi ɗan jini daga kowane ɓera ki ƙirga niyutirofil, ki kuma yanka kaɗan daga kowane rukuni ki auna nauyin saifa. Wannan zai nuna miki da wane irin soja kowa ya shiga yaƙin. Ki rage adadin ƙwayar da kike ɗurawa zuwa inda lafiyayyu za su rayu kwana goma, domin ɓeran da ya mutu a rana ta uku bai ba gaɓarsa lokacin nuna komai ba, kuma in masu rauni suka mutu da wuri, masu ƙarfin da suka saura ne kawai za ki kwatanta. Abinci jiƙaƙƙe a ƙasan keji ga kowa, ba ga masu ciwon ƙafa kaɗai ba. Maganin zafi ki tattauna da likitan dabbobinku, amma ki guji dangin ibuprofen don suna taɓa kumburin da kike aunawa, kuma duk abin da aka zaɓa a ba dukkan rukunan. Wanda ya zubar da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa a hutar da shi.

Gaɓɓan da ke firiza kuwa ki niƙa su a makon nan. Daskarewa tana rage ƙwayoyi masu rai, don haka kada ki yarda da adadin, amma za ki ga ko akwai Staph a ciki ko babu. Ki sa wani ya rufe lambobin kwalaben kafin ki fara ƙirga.